An tsinci Teletype a wurin 'yan gwangwan: a gyara ta yadda take, ko a sauya mata ciki?

Mai Rediyo na Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya game da wata na'ura da ta shigo hannuna ta hanyar masu sayen tsofaffin ƙarafa, wadda aka ce an kwaso ta ne daga wani kamfani da ya daɗe da rufewa a Bompai. An rubuta Teletype a jikinta, farantin da ke bayanta kuma ya nuna Model 33 ce. Tana tsaye a kan ƙafarta ta ƙarfe, madannanta zagayayyu ne masu tsayi, sannan a gefen hagu akwai wurin da ke huda siririyar takarda da wurin da ke karanta ta. Murfinta ya tsage a kusurwa, cikinta kuwa ƙura ta haɗu da tsohon mai ta daskare, har zanzaro ya yi gida a ƙarƙashin madannan. An haɗo mini da wasu naɗe-naɗen takardar mai huji a cikin kwali. Farantin moton ya nuna bolt 115 da zagaye 60 a sakan. Ban jona ta da wuta ba tukuna. Daga ina ya kamata in fara, kuma shin abu ne da zai gyaru a garin nan?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tunani da ba ka jona ta ba, domin yawancin waɗannan injuna a ranar da aka fara ba su wuta bayan dogon zama ake kashe su. Teletype na'ura ce ta aika rubutu da karɓarsa ta layin waya, tana buga shi a kan takarda. Abin da ke hannunka shi ne wanda ake kira ASR, wato samfurin da ke da mahudin takarda da makarancinta. Kamfanin Teletype da ke garin Skokie, kusa da Shikago a Amurka, ya fara fitar da shi a 1963. Mu da muka yi aiki a P&T, wato tsohuwar hukumar gidan waya da sadarwa, kafin a haɗe ɓangaren tarho na cikin gida da NET mai kula da sadarwar ƙasashen waje a kafa NITEL a 1985, injunan teleks, wato masu kiran juna da lamba su aika rubutu, irin su Siemens da Creed muka fi taɓawa, amma tsarin aikinsu ɗaya ne, kuma wanda ya san ɗaya ba zai ɓata a cikin ɗaya ba.

Kafin komai, ka buɗe murfin ka duba gudumar da ke buga haruffa. Wannan na'ura ba ta da sandunan haruffa irin na tafireta. Tana da wata ƙaramar ganga ta ƙarfe mai ɗauke da alamomi 64, layi huɗu kowanne 16, wadda ke juyawa ta kuma ɗaga sama har harafin da ake so ya fuskanci takarda, sannan gudumar ta doke ta daga baya. A kan gudumar akwai wata 'yar roba, kuma a zafin Kano ba na tsammanin ta kai yau da ranta. Ko dai ta narke ta zama danƙo, ko ta bushe ta farfashe. Idan aka bar gudumar tana dukan gangar ƙarfe da ƙarfe, cikin ɗan lokaci haruffan za su daddage, kuma gangar nan ba a ƙera ta a ko'ina yanzu. Yankin tiyo na roba mai kauri da ya shiga daidai yana iya maye gurbinta.

Bayan haka sai wanki. Ka fara share busasshiyar ƙura da burushi mai laushi, sannan ka narkar da tsohon man da kananzir kaɗan-kaɗan, kana kauce wa moton da wayoyi da duk abin da yake na roba. Kada ka kwance sifirin ko ka taɓa sukurun saiti alhali ba ka san aikinsa ba, domin saitin ya fi ɗari a cikin littafin kamfanin, kuma kowanne yana dogara da na kusa da shi. Idan ta bushe, ka ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki a kan mahaɗai da 'yan gutsattsarin ulu da aka sa domin riƙe mai, giris kuma a kan haƙoran giya kawai. Man feshin nan na gwangwani da makanikai ke kwance tsatsa da shi ba man shafawa ba ne, yana bushewa ya bar ƙarfe tsirara. Sai ka kama fankar moton da hannu ka juya ta a hankali kana kallon kuloci-kulocin suna kamawa suna saki. Sai ranar da ta yi cikakken zagaye a hannunka ba tare da cijewa ba za a fara zancen wuta.

Ɗan Farm Centre:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni dai da za a ji tawa, da na ce wannan doguwar hanya ce wadda ƙarshenta ba tabbas. Idan aka tarar wani ƙarfe ɗaya ya karye a ciki, sai an nemo shi daga Amurka da dala, a biya kuɗin jirgi, kuma ba lallai ya iso ba. Abin da ke burge mutane a wannan na'ura shi ne siffarta. Me zai hana a cire kayan cikin gaba ɗaya, a wanke gangar jikin, a sa wa madannan ƙananan makunnai da za su shiga Arduino, wato ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni, sannan a ɓoye ƙaramar firinta ta zamani a inda takarda ke fitowa? Za ta yi aiki da cajar waya, babu ƙara, babu mai, babu fargabar wuta, kuma cikin mako guda an gama.

Malamar Kabuga:
Ƙanena, shawararka tana da sauƙi, amma idan aka bi ta abin da zai rage akwati ne kawai. Ina koyar da ilimin kwamfuta, kuma kowace shekara ɗalibai suna tambayata dalilin da ya sa fayil ɗin rubutu na Windows ke ƙare layi da alamomi biyu, na Linux kuma da ɗaya. Amsar tana cikin wannan ƙarfen da kake so a cire. Alama ta farko tana mayar da kan bugu zuwa gefen hagu, ta biyu tana ɗaga takarda layi ɗaya, kuma an jera su a haka ne saboda komawar kan bugu daga dama zuwa hagu ta fi lokacin harafi ɗaya tsawo, don haka ake ɗaga takardar yayin da yake kan hanya. Idan layin ya yi tsawo, har alamomin da ba sa buga komai ake ƙarawa a jira shi, in ba haka ba harafin farko na sabon layi sai ya faɗo a tsakiyar takarda. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake haddace shi ba tare da fahimta ba.

Haka ma lissafin saurinta. Kowane harafi yana tafiya da bit 11, wato sigina 11 na akwai wuta ko babu: ɗaya na farawa, takwas na saƙon, biyu na tsayawa. Layin yana ɗaukar bit 110 a sakan, saboda haka haruffa 10 ne a sakan, ba ƙari. A kan irin waɗannan na'urori Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yi aikin Unix, tsarin gudanar da kwamfuta da Linux ya kwaikwaya, a Bell Labs tun daga 1969, kuma mutumin da ke jiran haruffa 10 a sakan ba zai so dogon umarni ba, shi ya sa har yau muke buga ls da cp da mv. Shirin BASIC da Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa kwamfutar Altair a 1975 ma a kan irin takardar nan mai huji aka kai shi. Wayar da kake gyarawa a shagonka, idan Android ce, a can cikin tsarinta akwai abin da har yanzu ake kira tty saboda wannan na'ura.

Ɗan Farm Centre:
Na karɓi wannan, Malama, kuma na ƙaru. Sai dai ita Model 33 ba abu ne mai wuyar samu a duniya ba. Tare da 'yar'uwarta Model 32 an ƙera fiye da rabin miliyan, kuma gidajen adana kayan tarihi a Turai da Amurka suna da masu aiki, bidiyonsu ya cika intanet. Idan darasi ake so, ana iya nuna wa ɗalibai bidiyon. Shi kuwa Malam na Fagge mai sana'a ne, lokacinsa kuɗi ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ya kwashe watanni a kan abin da ba zai dawo masa da ko sisi ba.

Malamar Kabuga:
Yawanta a Amurka bai sa ta yi yawa a Kano ba. Nawa ka taɓa gani a garin nan? Batun lokacin Malam kuwa shi zai yanke, tunda shi ya saye ta da kuɗinsa ba tare da wani ya sa shi ba.

Baba Injiniya:
Ɗana, akwai wani abu a cikinta da babu shi a na gidajen tarihin Turai. A ɓangaren baya daga dama za ka ga wata 'yar ganga ta roba mai ƙananan haƙora a jere. Ita ce ke ba da amsa idan na'urar da ke can nesa ta tambaya wane ne a kan layi. Ana kakkarya wasu haƙoran a bar wasu, kuma tsarin waɗanda aka karya shi ne sunan mai na'urar, har haruffa 20. A harkar teleks wannan amsa ita ce shaidar cewa saƙo ya isa inda aka nufa, shi ya sa 'yan kasuwa da bankuna suka amince da ita wajen cinikin da ya haɗa Kano da Landan ko Hambog. Idan an saita wadda ke cikin ta Malam, za ta faɗa mana wanda ya mallake ta ko da duk takardun kamfanin gara ta cinye. Wanda ya kwashe kayan ciki ya zubar ya zubar har da wannan.

Alhajin Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum. Tunda an ambaci sana'armu, bari in sa baki, domin na lura duk lokacin da aka yi irin wannan hira mu ake ɗora wa laifi. Ba mu ne ke shiga ofisoshi mu kwaso kaya ba. Masu wurin ne ke kiranmu idan suna son share sito, a yi gwanjo, mu biya, mu loda. Mu kilo muke saye kilo muke sayarwa, kuma abin da yaro zai fara yi idan kaya sun sauka shi ne ya fasa moto da taransifoma ya zare jan ƙarfe, domin shi ne mai tsada, sannan a ware dalma da alminiyom, sauran ƙarfen a tara wa motar da za ta kai kamfanin narkarwa. Na'ura irin wannan ba ta kwana biyu a tsaye a wurinmu. Shekaru da dama irinsu sun wuce ta hannunmu, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a ajiye masa. Idan da gaske kuke, ku ba mu hotunan abin da kuke nema mu nuna wa yaranmu da masu tura baro a unguwanni, kuma ku yarda za ku biya fiye da kuɗin kilo, domin wurin ajiya ma kuɗi ne.

Shugaban Zaure:
Mun gode, Alhaji, wannan magana ce ta gaskiya. Ina roƙon Baba da Malama su taimaka da hotunan, za mu manna su a saman zauren.

Mai Rediyo na Fagge:
Na gode ƙwarai. Zuciyata ta fi karkata ga gyara ta yadda take, ko da zai ɗauki lokaci, domin aikin dare ne bayan an rufe shago. Abin da ke damuna shi ne wutar. Taransifomar da za ta sauke 230 zuwa 115 ba matsala ba ce, akwai su a Sabon Gari. Amma zagaye 60 ɗin fa, tunda tamu 50 ce?

Ɗan Farm Centre:
Tunda an ƙi shawarata ta farko, bari in kawo wadda za ta yi amfani. Moton irin wanda saurinsa ke bin zagayen wuta ne, saboda haka a kan 50 zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa. Ma'ana maimakon bit 110 a sakan, na'urar za ta riƙa aikawa da karɓa a kan kusan 92. Idan da wata Teletype za ta yi magana da ita, da an shiga uku, amma tunda kwamfuta ce a ɗaya gefen, sai kawai a saita ta ita ma a kan wannan saurin. Arduino ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi za su iya, ko da yake yawancin ƙananan wayoyin USB da ake sayarwa a Beirut Road ba sa sauka ƙasa haka. Sannan ita ba da hawa da saukar bolt take magana ba, da gudanar wuta ta miliamfiya 20 da yankewarta take yi, don haka a tsakani sai an sa ofto, mai isar da sigina ta haske, irin wanda ke cikin caja, domin kada wutar na'urar ta taɓa allon kwamfutar.

Abin da na fi tsoro shi ne janareta. Zagayensa yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Na'urar tana daidaita kanta ne a farkon kowane harafi, daga nan sai ta dogara da gudun motonta har zuwa bit na ƙarshe, kuma idan bambancin ya kai wajen kashi biyar cikin ɗari sai ta fara karanta bit na kusa a madadin wanda ake nufi. Janaretan da ya sauka zuwa 47 saboda an kunna firji ya riga ya wuce wannan iyaka. Sitabilaiza ba ta maganin wannan, bolt kawai take gyarawa. Mafita ita ce inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta, kuma idan aka samu ta Amurka mai 115 da zagaye 60 a cikin kayan gwanjo, an huta da taransifomar da lissafin gaba ɗaya.

Baba Injiniya:
Madalla, ɗana, yanzu ka yi magana ta injiniya. Zan ƙara da cewa moto da taransifomar da aka yi wa 60 suna ɗaukar zafi fiye da kima a kan 50, kuma a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda haka inbatar ta fi. Ranar kunnawa ta farko kuma, Malam, ka sa kwan fitila na da mai zare a jere da layin wutar, yadda kuke yi wa tsohuwar rediyo. Idan ya haska sosai ya tsaya a haka, ka kashe nan take ka nemi inda ta haɗe, ka fara da kondensoshi.

Wannan matsala ce ta sa nake ganin duk mai son tara irin waɗannan kaya a Kano ya fi dacewa ya nemi injunan teleks. Da yawa daga cikin na Siemens da Creed suna da moto mai gwamna, wanda ke riƙe saurinsa da kansa ba ruwansa da zagayen wuta. Muna saita shi da wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ake kaɗawa ya riƙa rawa, a leƙa ta tsagar da ke bakinsa a kalli fararen ɗigogin da ke jikin gwamnan. Idan suka tsaya cak, sauri ya yi daidai. Sannan an ƙera su domin aikin dare da rana, ba kamar Model 33 ba wadda tun asali an yi ta ne da araha domin aiki marar yawa. Creed Model 7 ta fito daga Croydon a Ingila tun 1931, Siemens T100 kuma a 1958. Tsarinsu bit biyar ne a kan saurin bit 50 a sakan, wato haruffa 400 a minti, kuma tunda bit biyar alamomi 32 kawai suke bayarwa, akwai madanni na shiga haruffa da na shiga lambobi. Gwajinmu shi ne a yi ta buga RYRYRY, domin R da Y kishiyoyin juna ne a tsarin bit ɗinsu, kuma injin da ya buga layi cikakke ba kuskure lafiyarsa ƙalau. A taka na'urar, U da tauraro ne ke yin wannan aiki. Gargaɗi ɗaya: layin waɗannan tsofaffin yana ɗauke da bolt mai yawa, a tsarin Ingila 80 ta kowane gefe, domin maganaɗisun ya kama da sauri, saboda haka ba wurin sa hannu da ganganci ba ne. Akwai masu sha'awa a Jamus da suka kafa i-Telex, suna haɗa irin waɗannan injuna ta intanet suna kiran juna da lamba kamar da.

Tsohon Ɗan Jarida:
Kun tuna mini da ɗakin labarai. Kamfanin dillancin labarai na NAN, wanda aka kafa a 1976 ya fara aiki a 1978, ta irin waɗannan injuna yake turo labarai a zamaninmu, kuma suna da ƙararrawa a ciki wadda idan ta yi ta bugawa a jere kowa ya san babban labari ya faɗo. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ma da su ake musayar bayanan tashin jirage da na yanayi a wancan lokaci. Tambayata ita ce, idan an gyara ta, za ta iya buga Hausa da ƙugiyoyinta? A zamaninmu dai babu, sai mai fassara ya bi da biro.

Malamar Kabuga:
Ranka ya daɗe, ba za ta iya ba, domin manyan haruffan Ingilishi kawai ke kan gangar, ko ƙanana babu. Dabarar da ake iya yi ita ce a buga layi, a mayar da kan bugu hagu ba tare da ɗaga takarda ba, sannan a bi a ɗora waƙafin sama a kan B da D da K inda ake bukata. Ba zai yi kyau sosai ba, amma zai karantu, kuma Arduino ɗin ƙanena zai iya yin hakan da kansa. Na'urar da za ta iya fitar da Ɓ da Ɗ da Ƙ na gaskiya ita ce mai allurai, irin DECwriter LA36 da kamfanin DEC ya fitar a 1974, domin ita da ɗigogi take zana harafi, kuma siffar kowane harafi tana ajiye ne a wani guntun ƙwaƙwalwa da ake iya sauyawa. Tana buga haruffa 30 a sakan a kan faffaɗar takarda mai ɗaukar haruffa 132 a layi, irin mai huji a gefe da har yanzu ake sayarwa. Ga wanda ya fi sanin lantarki a kan ƙarfe, ita ce ta fi sauƙin farawa, sai dai nauyi da cin wuri. Silent 700 ta Texas Instruments, wadda ta fara fitowa a 1971, ƙarama ce kuma ba ta da ƙara, amma da takarda mai jin zafi take aiki irin ta rasit ɗin POS, kuma kowa ya san yadda wannan takarda ke dushewa ko ta yi baƙi a zafinmu. IBM 2741 ta 1965 kuwa, mai ƙwallon haruffa irin na tafiretar Selectric, rubutunta ya fi na kowa kyau, gyaranta kuma ya fi na kowa wuya.

Mai Tafireta na Bakin Kotu:
Malam na Fagge, kada ribon ya dame ka. Na tafireta na yau da kullum mai faɗin rabin inci yana shiga, kuma idan faifan bai dace ba sai ka warware sabon ka naɗa a kan tsofaffin faifan na'urar, saboda haka kada ka yar da su ko da sun yi tsatsa. Ka tabbata akwai ɗan ƙarfen nan kusa da kowane ƙarshe, domin shi ke juya tafiyar ribon idan ya ƙare. Wasu suna jiƙa tsohon ribon da tawadar hatimi, ni kuwa ba na ba da wannan shawara, domin tana da ruwa, tana cike ramukan haruffa tana kuma jawo tsatsa, a mai allurai ma ta fi ɓarna tunda man da ke cikin tawadar ribon shi ke shafa alluran. Abu na ƙarshe shi ne mayafi. Idan hunturu ya shigo, na'urar da aka shafa wa mai aka bari a buɗe, ƙurar da ta sauka a kanta za ta koma kamar garin dutsen wasa wuƙa, ta riƙa cin ƙarfen a hankali. Ka sa tela ya ɗinka mata riga ta leda mai kauri, da damina kuma ka riƙa buɗe ta tana shan iska.

Mai Rediyo na Fagge:
Jama'a, ga abin da na tarar. Robar gudumar babu ita sam, kamar yadda Baba ya faɗa, amma haruffan gangar suna nan da kaifinsu. An kakkarya haƙoran 'yar gangar amsa, na ɗauki hotonta ta kowane gefe zan tura wa Baba da Malama. Wani abu kuma ya ɗaure mini kai: naɗe-naɗen takardar da ke cikin kwalin ba faɗinsu ɗaya ba. Wasu suna shiga makarancin daidai, wasu kuwa sun fi siranta, kuma manyan hujinsu biyar ne a jere maimakon takwas.

Baba Injiniya:
To, wannan labari ne mai daɗi. Mai huji takwas, mai faɗin inci ɗaya, ita ce ta na'urarka. Mai huji biyar ta teleks ce, kuma Model 33 ba ta iya huda ta, ma'ana kamfanin nan yana da injin teleks a wannan ofis ɗin, wataƙila kuma a mota ɗaya aka lodo su. Kada ka tura ko ɗaya a makarancin tukuna, domin tsohuwar takarda tana yagewa a wurin ƙananan hujin da haƙori ke ja. A shimfiɗa ta a kan baƙin ƙyalle a ɗauki hoto, haruffa 10 ne a kowane inci, ana karanta su da ido idan akwai jadawalin. Malama, idan aka tarar da sunayen mutane ko albashinsu a ciki, ina ganin bai dace a watsa a zaure ba.

Malamar Kabuga:
Haka ne, Baba. Zan sa ɗalibaina su rubuta ɗan shirin da zai karanta hujin daga hoto, kuma abin da ya shafi mutane ba zai fita daga hannunmu ba.

Alhajin Ƙofar Ruwa:
Na tambayi yaran da suka sauke kayan Bompai. Sun ce akwai wata mai kama da ita, launin toka, mai nauyi sosai, da wani ɗan akwati a gefe mai faifan lambobi irin na tsohon tarho. An riga an yanke igiyar wutarta, amma ba a fasa moton ba. Na sa an janye ta gefe an rufe da buhu. Motar ƙarfe tana lodi ranar Asabar, saboda haka wanda zai zo ya zo kafin nan, da kuɗinsa da abin ɗauka.

Baba Injiniya:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ɗan akwatin mai faifan lambobi shi ne na kiran layi, a haɗa da shi ko da ya yi kama da tarkace, haka ma duk wani faifan ribon ko murfi da ke kusa da ita. Malam, idan ka je ka duba ƙarshen moton ko akwai fararen ɗigogi a jikin gwamnan, ka kuma karanta mini abin da ke kan farantin. Kada a ɗaga ta ta wurin abin naɗa takarda, a tallabo ta daga ƙasa mutum biyu. Ɗan Farm Centre, idan kana da sarari ranar Alhamis bayan la'asar, ka raka shi da mitarka ka auna kwayil ɗin maganaɗisun kafin a biya kuɗi.

Ɗan Farm Centre:
In sha Allahu zan je, Baba. Malam na Fagge, ka nemo mai a-daidaita-sahun da zai yarda a cire kujerar baya, domin a yadda Alhaji ya kwatanta ta ba za ta hau babur ba.